Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Waƙoƙin Jarunta na Tsibiran Faro da Almarar Marubutan Haɗin Gwiwa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1817 wani limamin coci ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Lyngbye, ya sauka a tsibiran Faro da ke arewacin tekun Atlantika. Nazarin tsirran cikin teku ne ya kai shi. Da ya isa sai ya tarar da mazauna wurin suna riƙe da hannuwan juna, suna takawa a zagaye, suna rera wata doguwar waƙa a kan jarumin da ya kashe ƙaton maciji. Ya rubuta abin da ya ji, wani limami ɗan ƙasar mai suna Johan Henrik Schrøter ya taimaka masa da ƙarin baitoci, aka buga littafin a 1822. Shi ne littafi na farko da aka buga da harshen Faro. Sunan Lyngbye ne a bangonsa, alhali kuwa bai ƙagi ko ɗango ɗaya na waƙar ba, kuma waɗanda suka rera masa ita su ma gadonta suka yi.

Daga nan tambayar wannan maƙala ta taso: idan mutane da yawa suka yi tarayya wajen gina dogon labari guda, me ke sa ya fito da murya ɗaya? Za a nemi amsar a wurare biyu. Na farko shi ne waƙoƙin baka na Faro, waɗanda suka riƙe harshe kusan ƙarni uku ba shi da daidaitaccen rubutu. Na biyu shi ne almarar jarunta ta zamani, wato dogayen ƙagaggun labarai da ake ginawa cikin ƙirƙirarriyar duniya mai sarakuna da yaƙe-yaƙe da sihiri, musamman waɗanda marubuta biyu ko fiye suka haɗa hannu a kansu.

2.0 Tsibiran da harshensu

Tsibiran Faro guda 18 ne, suna tsakanin Norwe da Aislan da Sikotlan. Faɗinsu duka kimanin murabba'in kilomita 1,400 ne, mazaunansu sun ɗan haura 50,000, babban birninsu kuma shi ne Tórshavn. Ƙasa ce ta duwatsu da iska da yawan ruwan sama, wadda kiwon tumaki da kamun kifi suka daɗe suna ciyar da mutanenta.

A ƙarni na 9 baƙi daga Norwe suka zauna a tsibiran, suka zo da tsohon harshen Sikandinabiya, wanda daga gare shi harshen Faro da na Aislan suka tsiro. A zamanin tsakiya ana rubutu da wannan harshe a tsibiran, shaidar haka ita ce Seyðabrævið, wato "Takardar Tumaki", dokar kiwo ta shekarar 1298. A 1380 Norwe ta shiga ƙarƙashin sarki ɗaya da Danmak, tsibiran suka bi ta. Wajejen 1540, da aka sauya ɗariƙar coci daga Katolika zuwa ta Luther, harshen Danmak ya zama na ibada da shari'a da mulki. Littafi mai tsarki da waƙoƙin coci da takardun hukuma duk da shi ake karanta su. Harshen Faro ya koma cikin gida da bakin teku da wurin kiwo.

Wannan shi ne yanayin da masana walwalar harshe ke kira diglosiya: harshe ɗaya yana riƙe da manyan al'amura, ɗaya yana riƙe da rayuwar yau da kullum. Sau da yawa ƙarshen irin wannan zama shi ne mutuwar harshen ƙasa. Haka ta faru a tsibiran Shetland, maƙwabtan Faro, inda wani harshe ɗan'uwansa mai suna Norn ya ɓace. A 1774 wani matafiyi, George Low, ya rubuta waƙa mai baiti 35 cikin Norn daga bakin wani dattijo a tsibirin Foula, ba tare da shi kansa yana jin harshen ba. Wannan waƙa ita ce matani mafi tsawo da ya rage na Norn. A Faro kuwa abin ya bi wata hanya dabam.

3.0 Rawa da hirar dare

Wurare biyu ne suka raya harshen Faro a wannan tsawon lokaci. Na farko shi ne kvøldseta, hirar dare ta lokacin hunturu, inda iyali da maƙwabta ke taruwa a ɗakin da ake hura wuta, suna shirya ulu da kaɗi da saƙa, wani yana ba da labari ko yana rera waƙa. Yara a nan suke haddace baitoci. Na biyu shi ne rawar da'ira, wadda ake yi daga bikin Kirsimeti zuwa farkon azumin Kirista, da lokacin aure, da kuma bikin ƙasa na Ólavsøka a ranakun 28 da 29 ga Yuli.

Tsarin rawar mai sauƙi ne: taku biyu zuwa hagu, taku ɗaya zuwa dama. Babu ganga, babu wani kayan kiɗa; muryoyi da dirin ƙafafu ne ke riƙe kari. Akwai jagora da ake kira skipari, wanda ke fara kowane baiti, duk wanda ya san baitin ya bi shi, sannan kowa ya karɓi amshi. Waƙoƙin, waɗanda ake kira kvæði, galibi suna da ɗango huɗu a baiti, na biyu da na huɗu suna da amsa-amo, kuma wasu sukan kai ɗaruruwan baitoci. Masu rawa suna bin labarin da jikinsu: idan an zo wurin yaƙi takun ya yi ƙarfi, idan an zo wurin mutuwa ya yi sanyi.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne cewa wannan al'ada ta ba harshen ƙasa wani babban matsayi da coci da hukuma suka hana shi. Harshen waƙa ya bambanta da na hira. Yana riƙe da tsofaffin kalmomi da tsofaffin siffofin nahawu, kamar ɗafin mallaka a jikin suna, wanda ya kusa ɓacewa daga maganar yau da kullum. Ke nan mutanen Faro suna da harshen adabi nasu, ko da yake a ka yake, ba a takarda ba.

4.0 Waƙa mai bakuna da yawa

Fitattun waƙoƙin su ne Sjúrðarkvæði, waƙoƙin jarumi Sjúrður, waɗanda Lyngbye ya ji. Manyan sassansu uku ne: na maƙeri Regin, na Brynhild, da na Høgni. A cikinsu maƙeri ya ƙera wa jarumi takobi daga gutsattsarin takobin mahaifinsa, jarumin ya kashe macijin da ke kwance a kan zinariya, daga baya kishi da cin amana suka halaka shi da waɗanda suka kashe shi. Labarin ya girmi waƙar. Yana cikin Völsunga saga ta Aislan ta ƙarni na 13, yana kuma cikin Nibelungenlied ta Jamus ta wajejen 1200, inda ake kiran jarumin Siegfried.

Ba a san wanda ya fara tsara waɗannan waƙoƙi ba, kuma kowane ƙauye yana da tasa ruwaya. Wani jagora ya ƙara baiti, wani ya rage, wani ya ɗauko baiti daga wata waƙa ya dasa. Duk da haka mai sauraro yana jin su kamar daga baki ɗaya suka fito. Dalilin shi ne abin da Milman Parry da Albert Lord suka bayyana bayan nazarin mawaƙan baka na Yugoslabiya a shekarun 1930, wanda Lord ya tattara a littafinsa na 1960: mawaƙin baka yana gini ne da daskararrun kalamai da ya gada, kamar yadda magini ke gini da tubala masu girma ɗaya. Akwai shiryayyen kalami na jarumi ya hau doki, akwai na shiga fadar sarki, akwai na ɗaga jirgi daga gaɓa. Amshi kuma yana ba jagora sararin tuno baiti na gaba.

Saboda tubalan na kowa ne, sababbin mawaƙa sun iya shiga ginin. Nólsoyar Páll, matuƙin jirgi da ya yi adawa da dokar da ta mallaka wa masarautar Danmak cinikin tsibiran, ya tsara Fuglakvæði, "Waƙar Tsuntsaye", a farkon ƙarni na 19, inda ya siffanta jami'an hukuma da tsuntsaye masu farauta. Wani manomi, Jens Christian Djurhuus (1773-1853), ya tsara Ormurin langi a kan jirgin yaƙin sarkin Norwe Ólavur Tryggvason, ya ɗauko labarin daga littafin tarihi, ya zuba shi cikin tsohon zubi. A yau ana rawarta tare da waƙoƙin da suka girme ta da ƙarnuka, ba a jin wani bambanci a tsakaninsu.

5.0 Daga baki zuwa takarda

Wanda ya fara tattara waƙoƙin da gaske shi ne Jens Christian Svabo (1746-1824), a tafiyarsa ta 1781 zuwa 1782. Ya rubuta su yadda ake furta su a karin harshensa na tsibirin Vágar, ya kuma haɗa ƙamus. Ya yi aikin ne yana ganin harshen ba zai rayu ba, yana son a bar wa na baya shaidarsa.

Matsalar rubutu bisa furuci ita ce kare-karen harshen sun bambanta ƙwarai wajen wasula. A 1846 Venceslaus Ulricus Hammershaimb (1819-1909) ya fito da ƙa'idar rubutu da ta koma ga asalin kalma, ta kusanci rubutun Aislan. Misali, kalmar "yini" ana rubuta ta dagur, ana furta ta kamar "deabur" da sautin v a gurbin b. Idan ta zama karɓau a rubuta dag, a furta "dea". A wata siffar kuma a rubuta degi, a furta "deyi". A baki saiwar kalmar tana ta sauyawa, a takarda kuwa ido yana ganin ta. Harafin ð yana cikin abacada, amma ba shi da sauti nasa na kansa. Tagwan wasalin da ake rubutawa ei ana furta shi "ai" a kudu, "oi" a arewa, kowa ya karanta da nasa kari.

A 1889 masanin harshe Jakob Jakobsen (1864-1918) ya kawo shawarar rubutu mai bin furuci, domin sauƙaƙa wa yara koyo. An yi muhawara mai zafi, ƙa'idar Hammershaimb ta tsaya. Tsadarta ita ce wahalar koyon rubutu, wadda ƴan makaranta ke sha har yau. Ribarta ita ce babu wani yanki da aka tilasta wa karin wani, kuma harshen ya fito a takarda da kamannin da ba wanda zai ce ɓataccen harshen Danmak ne.

Da rubutu a hannu, gwagwarmaya ta koma fagen siyasa. Taron Kirsimeti na 1888 a Tórshavn ya kafa harsashin ƙungiyar kishin harshe, jaridar Føringatíðindi ta fara fitowa a 1890. A 1938 aka daidaita matsayin harshen Faro da na Danmak a makarantu, a 1939 a coci, sannan dokar mulkin kai ta 1948 ta mai da shi babban harshen ƙasa. An kafa jami'a a 1965. Aikin ƙirƙirar kalmomi ya ci gaba: kwamfuta a harshen Faro telda ce, daga saiwar da ke nufin ƙidaya.

Su kuwa waƙoƙin, hanyoyi biyu aka bi wajen buga su. Hammershaimb, a bugunsa na 1851, ya daidaita harshen, ya haɗa ruwayoyi domin a samu matani ɗaya mai daɗin karatu. Svend Grundtvig da Jørgen Bloch, waɗanda suka fara aiki a farkon shekarun 1870, sun kwafe kowace ruwaya yadda take, suka jera su kusa da juna. Kundinsu, Føroya kvæði, ya ƙunshi waƙoƙi 236 da baitoci fiye da 44,000, an fara buga shi a 1941, aka kammala a 2003.

6.0 Almarar jarunta ta zamani

Mahaɗin waɗannan waƙoƙi da almarar zamani shi ne J. R. R. Tolkien (1892-1973), farfesan tarihin harshe a jami'ar Oxford, wanda ya naƙalci tsohon harshen Sikandinabiya. Labarin da ake rawarsa a Faro ya ratsa ayyukansa ta hanyar tsofaffin littattafan Aislan: macijin da ke kwance a kan dukiya yana cikin The Hobbit (1937), karyayyen takobin da aka sake ƙerawa yana cikin The Lord of the Rings (1954-1955), kuma jaruminsa Túrin ya soki maciji daga ƙasa kamar yadda Sigurd na Völsunga saga ya yi. Tolkien ya ma gabatar da littattafan biyu a matsayin fassarar wani tsohon kundi da taurarin labarin, Bilbo da Frodo da Sam, suka rubuta bi da bi. Wato ya fahimci cewa labarin jarunta yana ƙara nauyi idan aka ji alamun hannuwa da yawa a jikinsa.

Bayan rasuwarsa wannan ƙage ya zama gaskiya. Ya bar tarin rubuce-rubuce masu saɓa wa juna, na fiye da shekara hamsin. Ɗansa Christopher, da taimakon wani matashi ɗan Kanada, Guy Gavriel Kay, ya haɗa su ya fitar da matani ɗaya, The Silmarillion, a 1977. A wani babi, na rushewar masarautar Doriath, sai da suka cike giɓi da nasu ƙage, kuma daga baya Christopher ya nuna nadamar hakan. Tsakanin 1983 da 1996 ya fitar da juzu'i 12 na The History of Middle-earth, inda ya jera ruwayoyin mahaifinsa yadda suke. Mutum ɗaya ke nan ya bi hanyar Hammershaimb da farko, sannan ya dawo ya bi ta Grundtvig.

Haɗin gwiwa ya ci gaba da zama ruwan dare a wannan fanni, ta fuskoki dabam-dabam. Margaret Weis da Tracy Hickman sun fara jerin Dragonlance a 1984, labarin da ya tsiro daga wani wasa da mutane ke zama a tebur, kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda, suna gina labari da baki. Steven Erikson da Ian Esslemont ta irin wannan wasa suka ƙagi duniyar Malazan, sannan kowannensu ya riƙa rubuta nasa littattafai a cikinta. Raymond Feist da Janny Wurts sun rubuta littattafai uku tare tsakanin 1987 da 1992. David Eddings ya shekara fiye da goma yana fitar da littattafai da sunansa shi kaɗai, sai a 1995 sunan matarsa Leigh ya bayyana a bango, tare da amincewarsa cewa da ita ake aikin tun da daɗewa.

Misali mafi amfani ga nazarin salo shi ne The Wheel of Time na Robert Jordan, wanda ya fara a 1990. Jordan ya rasu a 2007 bayan juzu'i 11, ya bar bayanai da wasu fitowa da ya riga ya rubuta, har da rufewar labarin. Matarsa kuma editarsa, Harriet McDougal, ta zaɓi Brandon Sanderson, wanda ya kammala aikin cikin juzu'i uku a 2009 da 2010 da 2013. Sanderson ya faɗa tun farko cewa ba zai kwaikwayi salon Jordan ba, zai dai daidaita nasa da labarin. Masu karatu sun karɓi aikin, amma da yawa sun koka cewa maganar wani tauraro mai barkwanci, Mat, ta sauya a juzu'in farko na ukun, kuma Sanderson ya yarda da wannan suka.

7.0 Abin da ke riƙe murya

Idan aka jera misalan biyu, za a ga cewa abin da ke haɗa hannuwa da yawa tsari ne na harshe da aka amince da shi kafin a fara. A Faro tsarin shi ne kari da amshi da daskararrun kalamai da tsohuwar hausar waƙa. A almarar zamani shi ne jerin sunaye da ƙa'idar ƙirƙirar su, da taswira, da rantsuwa da karin magana da gaisuwar kowace ƙabila ta cikin labari, da ƙaramin ƙamus da ake sawa a ƙarshen littafi. Kowane juzu'i na The Wheel of Time yana buɗewa da kusan sakin layi ɗaya da ake maimaitawa, kuma aikinsa daidai yake da na amshi: yana shaida wa mai karatu cewa ya dawo cikin da'irar da ya sani.

Sai dai tsarin yana da iyaka. Sunaye da daskararrun kalamai ana iya gadonsu, domin a fili suke. Abin da ba a iya gado cikin sauƙi shi ne ƙananan ɗabi'un harshe da marubuci ba ya lura da su: tsawon jimla, yawan amfani da mahaɗai da wakilan suna, da inda yake ajiye kalmar da ke sa dariya. A 1964 Frederick Mosteller da David Wallace sun nuna cewa ƙidayar irin waɗannan ƙananan kalmomi tana iya bambance marubuta, a nazarinsu kan wasu maƙalun siyasa na farkon tarihin Amurka da ake jayayya kan mai su. Kukan da aka yi kan Mat daga wannan mataki ya fito. A waƙar baka irin wannan bambanci yana gogewa, domin baiti yana bi ta bakuna ɗari kafin ya zauna. A littafi kuwa hannu biyu ne kawai, ɗinkin yana nan ga mai ido.

Akwai kuma bambancin mallaka. Littafin almara yana da kwangila da haƙƙin mallaka, wani ne ke da ikon cewa ga ruwayar gaskiya. Waƙar Faro ba ta da wannan mai iko, har sai da aka buga ta. Bayan bugawa mutane suka fara koyon baitoci daga littafi, ruwayar da edita ya zaɓa ta fara danne na ƙauyuka. Rubutun da ya ceci harshen shi ne kuma ya rage yawan muryoyin waƙar.

8.0 Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan ga ɗalibin da zai fita tattara adabin baka a fili yake. Idan ya samu ruwayoyi biyar na waƙa ɗaya, zai ji sha'awar haɗa su ya fitar da "ta asali". Tarihin Faro ya nuna cewa haɗaɗɗen matani yana da amfani ga makaranta da mai karatu, amma jerin ruwayoyin shi ne abin da masanin kari da masanin tarihin harshe za su nema bayan shekara ɗari. Ya kamata a yi duka biyun, a kuma rubuta sunan wanda ya rera, da garinsu, da ranar da aka ɗauka, don kada bango ya ɗauki sunan mai tattarawa shi kaɗai.

Labarin jarumi da maciji kuwa ya zagayo gida. A 1990 aka buga The Hobbit cikin harshen Faro da sunan Hobbin, fassarar Axel Tórgarð, cikin ƙa'idar rubutun 1846. Ƙungiyar mawaƙan zamani ta Týr ta rera waƙar maƙeri Regin da jita da ganguna a farkon shekarun 2000. A daren rufe bikin Ólavsøka kuma, kowace shekara, jama'a na cika tsakiyar Tórshavn, jagora ya ɗauko baiti, sauran su karɓa.